Kafin Ka Nemi Gurbin Digirin Dokta a Lissafi

Ɗalibin da ya kammala Master a lissafi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, yake kuma hangen digirin dokta, ya fara neman malamin da zai jagoranci bincikensa tun kafin ya tara takardu. A tsarin karatun jami'a na LMD (Licence, Master, Doctorat) shekara 3 aka ware wa wannan mataki, kuma ba a karɓar ɗalibi sai malami mai izinin jagoranci ya amince da shi. Ka karanta abin da malamin ya wallafa, sannan ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa tare da tsarin bincikenka.

Batun bincike kuwa, yana nan a ƙofar gida. Gonakin noman rani na Jiratawa da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke rayuwa. Nawa za a iya ja daga rijiyoyin burtsatse ba tare da ruwan ya yi ƙasa ba? Lissafi ne zai amsa. Haka ambaliyar Gulbin Maraɗi, wadda ta tayar da tsohon gari a 1945, da yadda sinadarin fluoride ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara a Tibiri, duk batutuwa ne da za a iya bincika da lissafi. A ganina, ɗalibin da ya zo da irin wannan tambaya, da alƙaluman da ya tattaro da kansa, ya fi jan hankalin malami.

Ka ƙware a harshen kwamfuta na Python, ka kuma gyara Ingilishinka, domin da shi ake buga yawancin mujallun fannin. In malami ya yi wuya a gida, ka gwada Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko cibiyar ICTP ta Italiya, wadda ke tallafa wa ɗaliban ƙasashe masu tasowa.