Yadda Ake Haɗa Hom-Tiyata da Daidaita Sautinta a Gidajen Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya riƙa bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya sa kuɗi suna shiga hannun manomi fiye da sau ɗaya a shekara. Daga cikin abin da magidanci kan saya bayan ya sayar da shinkafa ko tumatir akwai talabijin da na'urar sauti da ake kira hom-tiyata, wadda takan shiga cikin kayan ɗakin amarya ma. Hom-tiyata tarin lasifikoki ne da ke ƙarƙashin amfilifaya guda, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi ya kuma rarraba shi, kuma wadda aka fi sani ita ce mai lamba 5.1: lasifikoki biyar na murya da kiɗa, da babba ɗaya mai fitar da amo mai kauri, wanda masu sayarwa ke kira ufa. Abin takaici shi ne yawancin waɗanda ake sayowa daga kasuwar Sabon Gari a Kano lasifikokinsu sukan ƙare a jere kan kanta ɗaya, su shida kafaɗa da kafaɗa, ta yadda ƙara takan cika ɗaki amma ba a fahimtar abin da ɗan wasa yake faɗi.

Aikin yana farawa daga wuta, tun kafin a buɗe kwali. An ƙera kayan da ake sayarwa a Nijeriya don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, alhali wadda ke isa ƙauyuka takan yi ƙasa sosai, sannan ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, kuma wannan dawowar ce ta fi ƙona amfilifaya. Saboda haka ana sa sitabilaiza, wato na'urar da ke daidaita hawa da saukar wuta, tsakanin soket da kayan. Wanda ke dogara da sola zai duba irin inbatarsa, domin mai arha, wadda wutarta ke fitowa a kakkarye, tana sa lasifika gunji ko da ba a kunna komai ba. Haka nan bai dace a haɗa kayan sauti da firiji ko injin markaɗe a kan ƙaramin janareta ɗaya ba, saboda duk sanda injin ya tashi yakan fizgi wuta. Wajen lissafin ƙarfin kayan kuwa, lambar da ke tare da haruffan RMS ce abin dogaro. Dubban wat ɗin da ake bugawa a jikin kwali da sunan PMPO ado ne na talla.

Daga nan sai ɗaki, wanda shi ne rabin sautin. Mai haɗawa zai tsaya a tsakiyar ɗakin ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi: idan tafin ya mutu nan take, ɗakin ya yi, idan kuwa ya bar wata ƙara mai kama da kaɗawar kwano, to akwai amsa-kuwwa, wato sautin da ke dukan bango ya dawo ya cakuɗe da na asali. Ɗakin bulo mai daɓen siminti ko tayil, da rufin kwano ba silin, shi ya fi wannan matsala, yayin da ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi shanye sauti, ko da yake mutane kan raina shi. Maganin yana cikin kayan da gida ya riga ya mallaka: darduma mai kauri tsakanin talabijin da wurin zama, labule mai nauyi a taga da ƙofa, kujeru masu katifa, da silin idan hali ya yi.

Jera lasifikoki ba ya buƙatar awo mai wuya, igiya ɗaya ta isa. Ana fara zaɓar wurin zaman da ya fuskanci talabijin sosai, a ɗan janye shi daga bangon baya, sannan a aza lasifikar tsakiya daidai ƙarƙashin allon ko samansa, domin ita ce ke ɗauke da maganar 'yan wasa. Ta dama da ta hagu ana raba su ta yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa mai sauraro, abin da ke ba da kusurwar digiri 30 a kowane gefe, kamar yadda ƙa'idar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta tanada. Biyun baya suna zama a gefe da ɗan baya, wajen digiri 110, sama da kai kaɗan. A nan akwai abin da littafin bayanin da ke zuwa da kayan bai lura da shi ba: an rubuta shi don masu zama a kujera, alhali a gidaje da yawa na wannan yanki a kan darduma ko tabarma ake kallo, don haka sai a sauko da lasifikokin gaba, ko a karkata su ƙasa, su fuskanci kunnen mai zama.

Ufa tana da dabararta. Ana ɗora ta a wurin zaman, a kunna kiɗa mai ganga, mai haɗawa ya durƙusa ya bi gindin bango yana saurare, kuma inda ya ji amon ya fito cike ba tare da rugugi ba, nan ne mazauninta. Kusurwar ɗaki tana ƙara mata ƙarfi, amma sau da yawa takan mayar da kiɗan kalangu gunji ɗaya marar kai.

Wajen haɗa wayoyi, wanda ake yi bayan an zare filogi, ja yana zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, domin idan aka juya guda ɗaya lasifikoki biyu za su riƙa soke amon juna, murya ta rasa mazauni. Idan alamar waya ta goge, ana taɓa bakinta biyu da batirin tocila mai bolt 1.5: in fatar lasifikar ta turo waje, wayar da ke kan ƙurjin batirin ita ce ja. Daga talabijin zuwa amfilifaya kuwa, ramin HDMI mai alamar ARC ya fi, saboda waya ɗaya ce ke ɗaukar sautin dikoda da na sauran kayan.

Daidaitawa ita ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi son haƙuri. A na'urar da ke da wannan tsari, ana shigar da nisan kowace lasifika daga wurin zama, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma amfilifaya takan ɗan jinkirta ta kusa don duk su iso kunne tare. Ana sa iyakar rabon sauti a has 80, wato ma'aunin kaɗawar sauti a daƙiƙa, ta yadda abin da ya gaza haka zai tafi ufa. Sannan a kunna sautin gwaji, a daidaita ƙarfin lasifikokin ɗaya bayan ɗaya. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, gwajin da ya fi dacewa shi ne murya: a kunna labaran Rediyon Kano ko shirin Daɗin Kowa na Arewa24, a ɗaga lasifikar tsakiya kaɗan, a riƙa rage ufa har sai kowace kalma ta fito sarai ga wanda ke zaune a gefe.

Amon ufa yana ratsa katanga fiye da kowane sauti, don haka rage shi da dare da lokutan salla haƙƙin maƙwabci ne. A lokacin hunturu ana lulluɓe kayan da ƙyalle bayan sun huce, a zafin bazara a bar wa amfilifaya sarari ta sha iska, da damina kuma, da zarar hadari ya haɗu, a zare filogi da wayar da ta sauko daga dish, domin tsawa takan biyo ta har cikin ɗaki.