Tsoron Shiga Jirgin Sama

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 27:9-44, Markus 4:35-41.
Aya ta haddacewa: Zabura 56:3.

'Ya'yan ƙasar nan tamu sun warwatsu. Da wuya a sami gida a Kafanchan, ko Kwoi, ko Kagoro, ko Nok, wanda ba shi da ɗa ko ɗiya a Ikko ko Fatakwal, waɗansu ma har Ingila da Amurka. Sa'ad da makarantu suka yi hutu, ko Kirsimati ya kusato, su kan aiko da takardar jirgin sama domin iyaye da ƙanne su zo a yi hutu tare. Abin murna ne, amma a waɗansu gidaje ya kan zama abin baƙin ciki.

Mun san wata uwa cikin Zumuntar Mata wadda ɗiyarta ta haihu a Ikko. Surukinta ya biya kuɗin jirgi domin ta je wankan jego, ta kuma huta wata guda tare da su. Ɗanta ya ce, "Mama, awa guda ce kaɗai daga Abuja." Ta ce, "Ɗana, ni ba tsuntsuwa ba ce. Allah ya ba ni ƙafa, bai ba ni fiffike ba." Aka yi dariya, amma ita ba ta yi ba, gama kwana uku ke nan ba ta yi barci ba. Daga bisani ta shiga motar dare, ta kwana bisa hanya, kuɗin jirgi ya lalace, suruki kuma ya ji haushi. Abin da ya fi damunta shi ne maganar wata 'yar'uwa cikin ikkilisiya, wadda ta ce da tana da bangaskiya da ba ta ji tsoro ba. Wannan magana za mu gwada da Littafi Mai Tsarki yau.

Da fari sai mu yarda tsoron nan ba daga banza ya fito ba. Jirgin sama ya fara sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka zo daga Masar, tun daga nan kuwa ƙasar nan ta ga masifu waɗanda ba a manta da su ba. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ya faɗi a Kano, mutum 176 suka rasu. Ran 29 ga Oktoba 2006 wani ya faɗi a Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido yana ciki. Wanda ya fi kusa da mu kuwa, ran 15 ga Disamba 2012 Gwamna Patrick Yakowa, mutumin Fadan Kagoma, ya rasu cikin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa. Da yawa cikinmu sun yi kuka a makon nan. Wanda ya ga wannan, in zuciyarsa ta buga a bakin ƙofar jirgi, ba za mu ce masa wawa ba.

Bulus cikin jirgin ruwa

Bulus bai taɓa ganin jirgin sama ba, amma ya san abin da matafiyi ya kan ji sa'ad da ƙafarsa ba ta bisa ƙasa, ransa kuwa yana hannun mutanen da bai sani ba. Cikin 2 Korantiyawa 11:25 ya ce sau uku jirgi ya fashe da shi, wannan kuwa tun kafin tafiyar da muka karanta ne. Duk da haka ya sake shiga. Jirgin Iskandariya ne mai ɗauke da alkama zuwa Roma, mutum 276 suna ciki.

Ku lura da aya 9 da 10. Lokacin Azumi ya wuce, watau kaka ta yi nisa, a zamanin nan kuwa masu jirage su kan daina ratsa Bahar Rum da hunturu. Bulus ya ba da shawara a dakata. Jarumin soja ya fi jin maganar mai jirgi, yawancin mutane kuma suna so a ci gaba, sai aka tashi. Ashe, mutumin da ya fi kowa bangaskiya cikin jirgin shi ne ya ce kada a tafi. Lura da hatsari ba rashin bangaskiya ba ne. Mu tuna da wannan ran da muke zaune a filin jirgi na Abuja ko Kaduna, aka ce an jinkirta tashi saboda hazon hunturu ko hadarin damina. Mutane su kan yi gunaguni, waɗansu har da zagi. Matuƙin da ya ƙi tashi yana bin shawarar Bulus ne, masu gunaguni kuwa suna bin ta taron da suka jefa jirgi cikin guguwa.

Guguwa ta ɗauke su kwana goma sha huɗu. Ba rana, ba taurari, su ne kuwa abin da matuƙan dā suke duba su san hanya. Luka, wanda yana ciki, ya shaida cikin aya 20 cewa sun fid da zuciya ga tsira, bai kuwa ware kansa ba. Har ma mala'ikan da ya zo wurin Bulus da dare, abin da ya fara yi shi ne ya hana shi jin tsoro. Ba a hana mutum abin da ba ya yi. Muna tsammani manzon nan ya ji tsoro a daren, Allah kuwa bai tsauta masa ba.

Yanzu ga wurin da muke so mu daɗe, aya 30 zuwa 32. Allah ya riga ya yi alkawari ba ran da zai hallaka. Sai ma'aikatan jirgi suka sauke ƙaramin kwalekwale a ɓoye za su gudu. Da Bulus irin waɗansunmu ne, da ya ce a bar su su tafi, tun da Allah ya faɗa. Amma ya gaya wa jarumin in waɗannan ba su zauna cikin jirgi ba, ba wanda zai tsira. Alkawarin Allah tabbatacce ne, ta hannun matuƙa kuwa zai cika shi. Su ne suka auna zurfin ruwa suka sami gaba ashirin, kāna goma sha biyar, su ne suka jefa anka huɗu, da gari ya waye kuma su ne suka nufi gaɓa da jirgin. Ba Kirista ba ne, ba su ma da halin kirki, amma sun san aikinsu, Allah kuwa ya yi aiki da saninsu.

Saboda haka mai bi ba ya zaɓa tsakanin dogara ga Allah da amincewa da matuƙi. Yana gode wa Allah domin matuƙi. Jirgin fasinja yana da matuƙa biyu, kowanne a kan gwada shi a kai a kai, a kan duba lafiyarsa kuma. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi yadda zai iya tafiya ya sauka da inji guda. Bayan masifun 2005 da 2006 an yi sabuwar doka a Nijeriya wadda ta ƙarfafa hukumar da ke duba jirage, a 2007 kuma aka hana waɗansu kamfanoni tashi. Cikin 2023 jirage sun tashi wajen sau miliyan 37 a duniya duka, bisa ga lissafin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ɗaya tak ne ya faɗi har aka rasa rayuka, a ƙasar Nepal. A shekarar nan kuwa mutum fiye da 5,000 suka mutu bisa hanyoyin mota na Nijeriya. Uwar nan da ta guje wa awa guda a sama ta zaɓi hanya mafi hatsari ba ta sani ba. Mu kan gangara Hawan Kibo muna cin gyaɗa, domin mun saba. Kakanninmu ma, sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kafanchan wajen 1927, ba dukansu suka yi marmarin shiga ba.

Abin da za a ji a cikin jirgi

Yawancin tsoro daga rashin sani ya ke. Bari mu faɗi abin da zai faru, domin kada ya zo muku ba zato. Sa'ad da jirgi zai tashi injuna su kan yi ruri, bayanku ya manne da kujera. Jim kaɗan a ji wani gum a ƙarƙashi. Ƙafafun jirgi ne suke shiga wurinsu. Bayan wannan ƙarar inji ta kan ragu, nan ne mutane da yawa su kan ce inji ya mutu, alhali matuƙi ne ya rage wuta domin an riga an tashi. Kunne ya kan toshe, musamman wajen sauka. A haɗiye miyau ko a tauna wani abu, jariri kuwa a ba shi nono. Wani lokaci jirgi ya kan yi gargada kamar mota a hanyar ƙauye. Iska mai ɗumi da mai sanyi ne suka gamu, an kuwa ƙera fikafikan domin su lanƙwasa su jure abin da ya fi wannan nesa. Wanda ya ɗaura ɗamararsa da wuya wani abu ya same shi. Kujerun da ke daidai fiffike sun fi sauran kwanciya, tafiyar safe kuma ta kan fi ta yamma lafiya da damina.

Sai mu koma aya 33 zuwa 36. Kafin gari ya waye Bulus ya roƙe su su ci abinci, ya ɗauki gurasa, ya yi godiya a gaban kowa, ya fara ci, sai duk suka sami ƙarfin zuciya. Bai yi musu dogon wa'azi ba. Ya san mai yunwa da rashin barci tsoronsa ya kan ninka. Mun ga 'yan'uwa da su kan yi azumi ran tafiya domin tsoro, su isa filin jirgi jiki yana rawa. Ba mu hana azumi ba, amma a wannan rana gara a bi Bulus. A ci abinci kaɗan, a sha ruwa, a rage goro da kofi gama suna sa zuciya gudu. In fargaba ta taso, a ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, ana maimaita ayar da muka haddace. A gaya wa ma'aikaciyar jirgi, wannan ne karo na fari. Sun saba, ba za su yi dariya ba.

Kalmomi biyu

Mu da muke aikin juya Littafi daga Helenanci mun sha wahala da Markus 4:40 da 41, gama kalmomi biyu ne dabam a can, Hausa kuwa ta kan kira su duka tsoro. Ta farko, wadda Yesu ya tsauta wa almajirai da ita, tana nufin raki, watau tsoron da ya kan sa mutum ya ja da baya, har ya zargi Ubangiji da rashin kula. Ta biyu ita ce ta kama su bayan teku ya kwanta, sa'ad da suka gane wanda ke tare da su. Ba a tsauta musu domin zuciya ta buga ba. Waɗansunsu masunta ne, sun san ruwan da ke cika jirgi. An tsauta musu domin sun ce bai damu da su ba. Bugun zuciya da gumin hannu aikin jiki ne, ba su shiga lissafin zunubi. Mutum yana iya hawa matakalar jirgi gwiwarsa tana kaɗawa, bangaskiya ce kuwa take ɗaga ƙafar.

Wajibi ne kuma mu faɗi wani abu mai wuya. Alkawarin da aka yi wa Bulus na wannan tafiya ne, domin lalle ya tsaya gaban Kaisar. Ba a ba mu takarda cewa jirgin da Kirista ya shiga ba zai faɗi ba, mutanen Fadan Kagoma sun san wannan. Cikin Ayyukan Manzanni 12 an kuɓutar da Bitrus daga kurkuku, Yakubu kuwa an kashe shi, dukansu biyu manzanni ne. Wanda ya ce muku in kun ba da baiko kaza jirgi ba zai faɗi ba, ya faɗi abin da Littafi bai faɗa ba. Abin da aka ba mu yana cikin Zabura 139:7-10 da Romawa 8:38-39, cewa ba tsawo ko zurfi, ba rai ko mutuwa, da zai fitar da mu daga hannun Allah. Mai zabura ya yi tunanin tashi da fikafikai zuwa iyakar teku shekaru dubbai kafin a ƙera jirgi, ya kuwa tarar hannun yana can.

Bulus kuma ba shi kaɗai ya tafi ba. Luka da Aristarkus suna tare da shi (27:2). Iyali su koyi wannan. Kada a aiko wa tsohuwa takardar jirgi kawai a ce ta zo. Wani ya raka ta, ya zauna kusa da ita, ya riƙe hannunta wajen tashi. Kada a yi wa mai tsoro ba'a a gaban yara, gama maigida da yawa sun soke hutun iyali suna cewa ba kuɗi, alhali kunyar faɗin gaskiya ce. Gara a fara da gajeriyar tafiya, kamar Abuja zuwa Ikko, kafin awa shida zuwa Landan. In kuwa tsoron ya kai mutum ga kasa numfashi, ko rashin barci na makonni, sai a ga likita, gama akwai masu koya wa mutum saba wa abin tsoro kaɗan kaɗan, yawanci kuwa yana warkewa. Zuwa wurinsu daidai yake da barin matuƙa su zauna cikin jirgi.

Uwar nan, da lokacin komowa ya yi, ɗiyarta ta rako ta da jariri. Ta ce ta rufe ido tun daga tashi, ba ta buɗe ba sai da aka kawo shayi. Muka tambaye ta ko za ta sake shiga. Ta ce, "In da mai riƙe ni."

Tambayoyi

1. Don me Bulus ya hana ma'aikatan jirgi gudu, tun da Allah ya riga ya yi alkawari?
2. Da kuna wurin sa'ad da aka ce wa uwar nan ba ta da bangaskiya, me za ku amsa, daga wace aya kuma?
3. Akwai wani cikin gidanku ko ikkilisiyarku da tsoro ya hana shi zuwa ganin 'ya'yansa? Wa zai raka shi?

A karanta Ayyukan Manzanni 28:1-16 kafin mako mai zuwa.