Gutsuttsurewar Ma'adana a Kanel ɗin Linux da Hanyoyin Rage Ta

Kanel ɗin Linux, wato cibiyar tsarin da ke tafiyar da wayoyin Android da ɗimbin sabobin intanet, yana yanka RAM ne gunduwa-gunduwa daidai wa daida. Kowace gunduwa ana ce mata shafi, kuma a kwamfutocin x86 girman shafi kilobayit 4 ne. Manhaja ta nemi wuri a ba ta shafuka, in ta gama ta mayar. Idan na'ura ta yi makonni ana wannan karɓa da mayarwa ba a kashe ta ba, shafukan da ba kowa a cikinsu sukan warwatse, ɗaya nan biyu can, a tsakanin waɗanda ake aiki da su. Wannan shi ne gutsuttsurewa: wuri yana nan da yawa, amma ba a jere yake ba.

Manhajoji na yau da kullum ba su cika jin abin a jikinsu ba, domin furosesa na haɗa musu shafukan da ke warwatse su gan su kamar a jere. Masu shan wahala su ne direbobin wasu na'urori da ke rubutu kai tsaye cikin RAM, da kuma manyan shafuka masu megabayit 2, waɗanda kowannensu ke buƙatar ƙananan shafuka 512 manne da juna. Shi ya sa mai kula da saba zai iya ganin saƙon "page allocation failure" a rahoton kanel alhali akwai gigabayit da dama a zaune ba aiki. Da yawa sukan ruga su ƙaro RAM, su ga matsalar ta lafa na ɗan lokaci ta kuma dawo.

Kariya ta farko ita ce tsarin rabo na buddy, wanda Kenneth Knowlton ya bayyana a 1965. Kanel na ajiye wuraren da ba kowa a rukuni-rukuni: mai shafi 1, mai 2, mai 4, mai 8, har zuwa mai 1024, wato megabayit 4. In an nemi ƙaramin wuri babu, sai a tsaga babba gida biyu, kamar tagwaye. In an mayar da ɗaya aka tarar ɗan'uwansa ma ba kowa, sai a sake haɗe su. Su kuwa ƙananan buƙatun kanel da ba su kai shafi ba, tsarin slab da Jeff Bonwick ya ƙirƙiro wa Solaris a 1994 ne ya nuna hanyar tara su wuri guda, kuma Linux na amfani da wani nau'insa mai suna SLUB.

Raunin buddy a fili yake: tagwaye ba sa haɗuwa sai dukkansu biyu sun zama fanko. Kuma shafuka ba hali ɗaya gare su ba. Na manhajoji ana iya kwashe abin da ke cikinsu a kai wani wuri, a gyara taswirar adireshi, manhajar ba ta ma sani ba. Akwai waɗanda ake iya zubar da abin cikinsu a sake samo shi daga baya. Akwai kuma na kanel ɗin kansa, waɗanda ba sa motsuwa sam, saboda wasu sassa na riƙe da adireshinsu. Kamar filin kasuwa ne: rumfar kara ana iya ciccibarta a matsar, amma shagon siminti ɗaya a tsakiya ya isa ya hana a yi babban gini a wurin. Shafi ɗaya marar motsi yana iya hana sauran 511 zama babban shafi.

A nan aikin Mel Gorman ya shigo, wanda aka karɓa a Linux 2.6.24 a farkon 2008. Aka raba RAM unguwa-unguwa, kowace unguwa yawanci megabayit 2 a x86, aka ba kowacce lakabi: ta masu motsi, ta masu zubuwa, ko ta marasa motsi. Kowace buƙata ana kai ta unguwar irinta. Wannan, a gaskiya, shi ne mafi muhimmanci cikin duk matakan, domin rigakafi ne, sauran kuwa gyara ne bayan ɓarna. Sai dai ba shi da tabbas ɗari bisa ɗari. In unguwannin marasa motsi suka cika, kanel ba zai ƙi biyan buƙata ba, zai ci iyaka ya shiga unguwar masu motsi. Don rage ɓarna yakan ɗauki wuri mafi girma da ya samu, in ya yiwu ya sauya wa unguwar lakabi gaba ɗaya, gara a rasa unguwa guda da a gurɓata goma. Irin wannan cin iyaka ya fi yawa lokacin da RAM ta yi ƙaranci, kuma tabonsa na daɗewa bayan ƙarancin ya wuce.

Mataki na gaba shi ne tattarawa, wadda ta shigo a 2.6.35 a 2010, ita ma daga hannun Gorman. Masu bincike biyu ne ke tashi: ɗaya daga ƙasan yanki yana neman shafukan da za a iya matsarwa, ɗaya daga sama yana neman gurabe. Ana kwashe na ƙasa ana zuba su a guraben sama har su biyun su haɗu, sai a sami fili a jere a ƙasa. Aikin na cin lokacin furosesa, kuma in an yi shi daidai lokacin da manhaja ke jiran wuri, sai ta tsaya cik. Wannan ya zama abin kuka bayan zuwan manyan shafukan da kanel ke ba manhajoji da kansa a 2.6.38, har masu rumbunan bayanai da dama suka riƙa kashe su. Saboda haka a 2016 aka ƙara kcompactd, mai yin tattarawar a bayan fage, sannan a 5.9, a 2020, aka ba kanel damar fara ta tun kafin a nema. Ƙarfin wannan ana saita shi da vm.compaction_proactiveness, daga 0 zuwa 100, kuma da 20 yake zuwa.

Ga na'urori irin kyamarar waya, masu buƙatar babban wuri lokaci-lokaci, akwai CMA tun 2012: ana keɓe yanki, a ara wa shafuka masu motsi kaɗai, a tashe su in mai wurin ya zo.

Wanda ke kula da saba ya kamata ya fara duba /proc/buddyinfo kafin ya taɓa komai. Ginshiƙan hagu na ƙananan wurare ne, na dama na manya, don haka lambobi masu yawa a hagu da sifili a dama alama ce ta gutsuttsurewa. Fayil ɗin /proc/pagetypeinfo kuma na nuna yawan unguwannin da marasa motsi suka mamaye. Rubuta 1 a /proc/sys/vm/compact_memory na tilasta tattarawa nan take. In ba ta canza komai ba, to marasa motsi ne suka bazu. Ɗaga vm.min_free_kbytes kaɗan na rage cin iyaka, manyan shafukan da aka san za a buƙata kuma gara a keɓe su tun lokacin kunna na'ura. Masu rubuta direbobi su ma da nasu rabon: inda na'ura ba ta tilasta wuri a jere ba, kvmalloc ya fi dacewa da babbar buƙata, domin in bai sami jere ba yakan harhaɗa shafukan da ke warwatse ya biya ta.