Me Ya Haɗa Ciwon Maƙogwaro Da Zuciya?

A wannan makon mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare aka ba shafin kimiyya na jaridar bangonmu. Mun zaɓi mu yi magana a kan zuciya saboda abin da muka gani da idonmu ranar Talatar da ta wuce, da kuma labarin da wata 'yar ajinmu ta ba mu bayan an tashi.

Ranar Talatar, malaminmu na kimiyya ya shigo aji da baƙar leda a hannu. Wasu har sun fara murna, sun ɗauka tsire ne. Da ya kwance ledar sai ga zuciyar rago ɗanya. Wurin mahauta ya sayo ta da sassafe, ya roƙi mahaucin kada ya tsaga ta, kada kuma ya datse jijiyoyin da ke samanta. 'Yan layin gaba suka toshe hanci, 'yan baya suka hau kan benci. Dukkanmu mun sha ganin zuciyar rago ranar layya, amma ba wanda ya taɓa leƙa cikinta, don a ranar hankalin kowa yana kan suya.

Malam ya ce kowa ya dunƙule hannunsa. Ya ce zuciyar kowane mutum kusan girman dunƙulen hannunsa ce. Tana tsakiyar ƙirji tsakanin huhu biyu, ta ɗan karkata hagu, haƙarƙari suna kare ta. Ta babban mutum nauyinta yana tsakanin giram 250 zuwa 350, wato ko rabin kilo ba ta kai ba. Da ya tsaga ta ragon sai muka ga ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da katangar nama a tsakiya wadda ta raba ɓangaren dama da na hagu. Ya ce haka tamu take. Ɗakunan sama su ke karɓar jini, na ƙasa kuma su ke tura shi waje.

Ga yadda tafiyar take. Jinin da ya gama zagaya jiki ya riga ya raba iskar oksijin da ya ɗauko, ya kwaso gurɓatacciyar iska mai suna kabon-dayoksaid. Sai ya shiga ɗakin sama na dama, ya gangara ɗakin ƙasa na dama, daga nan a tura shi huhu. A huhu yake sauke gurɓatacciyar iskar, mu fitar da ita ta hanci, ya ɗauki sabuwar oksijin daga iskar da muka shaƙa. Daga huhu ya dawo ɗakin sama na hagu, ya gangara ɗakin ƙasa na hagu, wannan kuma ya cilla shi cikin babbar jijiya mai suna awota, wadda rassanta ke kai shi ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Ke nan zagaye biyu jini yake yi, gajere zuwa huhu, da dogo zuwa sauran jiki.

Malam ya bar masu ƙarfin hali a cikinmu suka matsa naman da yatsa. Bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku. Ya tambaye mu dalili, aji ya yi tsit. Wani daga baya ya ce ai na dama maƙwabta kawai ake aikensa, na hagu kuwa har kasuwa. Malam ya yi dariya ya ce amsar ke nan.

A Hausa komai jijiya muke ce masa, amma hanyoyin jini iri uku ne. Akwai masu fitar da jini daga zuciya, bangonsu kauri gare shi don jinin da ƙarfi yake fitowa. Akwai masu mayar da shi zuciya, irin waɗanda muke gani sun yi kore a bayan hannu, ko da yake jinin cikinsu ja ne mai duhu. Tsakanin waɗannan biyu akwai wasu sirara da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. A cikinsu ne oksijin da abinci suke ratsawa su shiga naman jiki. Jinin ƙafa kuwa hawa yake yi kafin ya koma zuciya, tsokar sharaɓa ce take matsa shi sama duk lokacin da muka taka. Wannan yana cikin dalilan da suke sa wasu jin jiri a filin asambili idan an daɗe a tsaye wuri ɗaya, balle idan ga rana ga rashin karin kumallo. Malam ya ce mu riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi idan jawabi ya yi tsawo. Muna fata shugaban makaranta ba zai ji haushinmu ba.

Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kuma idan yana zaune zuciyarsa tana tura kusan wannan adadin a cikin minti ɗaya. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, a kwana guda kuma kusan sau 100,000. Mun gwada namu. Ana ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasa da babban yatsa, a ƙirga bugun na daƙiƙa 30 sannan a ninka biyu. Ba a amfani da babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun, zai rikita lissafi. Yawancinmu mun samu tamanin da wani abu. Da muka zagaya aji da gudu sau biyu muka sake ƙirgawa, kowa ya haura ɗari, saboda tsokar ƙafa tana neman ƙarin oksijin. Abin da ke sa zuciya bugawa wani ɗan wuri ne a ɗakin sama na dama da ke fitar da 'yar wutar lantarki a kai a kai. Ita dai wannan wutar ba a ɗauke ta.

Ba tun fil azal mutane suka san wannan ba. Shekaru sama da dubu likitoci suna bin maganar Galen, likitan zamanin Rumawa, cewa jini yana ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan huda a katangar tsakiya. Ibnun Nafis, likitan da aka haifa a ƙasar Sham, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ne ya rubuta cewa babu wata huda a wurin, ta huhu jini yake bi. Daga baya a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki baki ɗaya ya dawo. Mu ma mun duba katangar ta rago da kyau, ba mu ga huda ba. Malam ya ce akwai jarirai da ake haifa da huda a wurin, amma wannan lalura ce da likitoci suke dubawa, wata takan toshe da kanta, wata sai an yi aiki.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne bawul. Zuciya tana da guda huɗu, aikinsu kamar na bawul ɗin tayar keke, iska ta shiga amma ba ta dawowa. Biyu suna tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, biyu kuma a bakin manyan jijiyoyi masu fita. Ba su da kauri ko kaɗan, kamar ledar biredi suke, kuma na tsakanin ɗakuna wasu fararen zaruruwa ne suke riƙe da su. Malam ya zuba ruwa ta saman awota, muka ga bawul ɗin ya cika ya rufe, ruwan ya tsaya. Sautin nan guda biyu da ake ji idan aka kara kunne a ƙirjin mutum, rufewar bawuloli ne. Idan ɗaya yana yoyo ko ya ƙanƙance, likita yakan ji wani sauti kamar hucin iska da abin sauraron nan da yake ratayawa a wuya.

Da aka zo maganar cututtuka, mu duk mun ɗauka ciwon zuciya na tsofaffi ne. Akwai gaskiya a ciki. Hawan jini shi ne jini ya riƙa matsa bangon jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce ƙima, wato awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama da haka. Sau da yawa ba ya nuna alama, sai an auna ake ganewa. Yawan gishiri yana ƙara shi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗanon miya. Ita kanta zuciya tana da ƙananan jijiyoyi da suke ciyar da ita. Idan kitse ya taru a ɗaya har ta toshe, wani yanki na tsokar zuciya zai fara mutuwa, mutum ya ji ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse, ga gumi ga ciwo har hannu ko muƙamuƙi. Idan kuma jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Duka biyun asibiti ake nufa nan take, ba a jiran gari ya waye. Taba da shisha suna lalata waɗannan jijiyoyin tun mutum yana matashi.

Amma akwai ciwon da ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, wato mu da ƙannenmu. Shi ne 'yar ajinmu ta ba mu labari. Ta yarda mu rubuta, da sharaɗin ba za mu faɗi sunanta ba.

Tana aji huɗu na firamare ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Aka sayo mata magani a kemis, ta sha na kwana biyu, da ta ji sauƙi aka ajiye sauran. Kakarta ta ce belu ne, aka kira wanzami ya cire. Bayan kamar sati uku gwiwarta ta kumbura. Kafin a gama shafa magani a gwiwa ciwon ya koma idon sawu, daga nan ya koma gwiwar hannu. A gida aka ce sanyin ƙashi ne. Ya tafi, bayan wasu watanni ya dawo. Daga baya sai ta ga ko bokitin ruwa ta ɗauko daga famfo sai ta tsaya tana haki, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi. Da aka kai ta babban asibiti aka yi hoton zuciya, aka ga bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu ya lalace, yana mayar da jini baya.

Washegari mun tambayi Malam yadda ciwon maƙogwaro zai isa zuciya. Ya ce akwai wata ƙwayar bakteriya mai suna sitireftokokas da ke kama maƙogwaro. Jiki yana da sojojinsa a cikin jini masu yaƙar ta. Matsalar ita ce wani ɓangare na jikin ƙwayar ya yi kama da naman bawul ɗin zuciya da na gaɓoɓi. A jikin wasu yara, sojojin nan sai su rikice su far wa gaɓoɓi da zuciyar mai su. Gaɓoɓi suna warkewa, amma bawul tabo yake yi, kuma duk lokacin da ƙwayar ta sake kama yaron tabon ƙaruwa yake. Cire belu ba ya kashe ƙwayar, don ba a belun kaɗai take zaune ba, ga kuma haɗarin zubar jini. Mutanen da ke fama da wannan ciwon a duniya sun haura miliyan 40, kuma yana kashe sama da 300,000 duk shekara, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda ake cunkoso a ɗaki da aji. Ta tari da atishawa ake ɗaukar ƙwayar. Mun kalli yadda muke zama mu huɗu a benci ɗaya, ba wanda ya ce uffan.

Kada wani ya karanta wannan ya tsorata duk ranar da muryarsa ta dishe. Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, yana wucewa da kansa. Wanda ake tsoro yakan zo da zazzaɓi, da zafi wajen haɗiya, da kaluluwa a wuya, wani lokaci da fari-fari a can cikin maƙogwaro, kuma sau da yawa babu tari babu majina. A gida ba za a iya tantancewa ba, ma'aikacin lafiya ne zai duba. Idan ita ce, maganin ba mai tsada ba ne: allurar penisilin guda ɗaya, ko ƙwayoyi na kwana 10 cif, a shanye su duka ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Yaron da ciwon gaɓoɓinsa ke yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan, shi ma a kai shi a saurari ƙirjinsa, a kuma gaya wa likita idan ya yi ciwon maƙogwaro kwanan baya.

Ita 'yar ajinmu yanzu duk bayan sati huɗu ake yi mata allurar penisilin don kada ƙwayar ta sake kama ta, kuma an ce za ta yi shekaru tana karɓa. Ta ce allurar akwai zafi, ranar da aka yi ta da ƙyar take zama a benci. Shi ya sa ba ta shiga gudu ranar wasanni. Wasu daga cikinmu mun sha ce mata raguwa, har da mai rubuta wannan. Mun ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Allurarta ta gaba ranar Alhamis ce, mu biyu za mu kwafar mata darussan ranar.

Ranar Laraba lokacin tara, 'yan ƙungiyarmu za su zauna a gindin darbejiyar da ke kusa da ofishin malamai don koya wa duk mai so yadda ake ƙirga bugun zuciya. Wanda yake da agogo mai nuna daƙiƙa ya taimaka ya zo da shi, guda biyu kawai muke da su.