Mai Nuna Hanya Ga 'Yan Mata a Fagen Kimiyya

A ajinmu, in aka raba takardun jarrabawar lissafi, sau da yawa yarinya ce ke zuwa ta ɗaya. Amma in ka tambaye ta abin da za ta zama nan gaba, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ƙwaƙwalwa kam akwai ta. Abin da ta rasa shi ne wani babba wanda ya san hanya, ya kama hannunta ya nuna mata inda wannan lissafi zai kai ta. Mu Hausawa ai mun san haka tun da daɗewa, domin ko saƙa ko rini ba a koyonsu sai a gaban gwani.

Bari in kawo muku labarin wata baƙar fata 'yar Amurka, Katherine Johnson, wadda aka haifa a 1918 a jihar West Virginia. A zamanin nan 'ya'yan baƙar fata na garinsu ba su da makarantar da ta wuce aji takwas. Saboda haka mahaifinta ya kwashe iyalinsa ya kai su wani gari mai suna Institute, tafiyar fiye da mil 100, don kawai yara su ci gaba da karatu. To, iyaye, kun ji mai nuna hanya na farko.

A can ta sadu da wata malama, Angie Turner King, masaniyar lissafi da kimiyyar haɗa sinadarai, wadda ta ja ta a jiki. Da ta shiga kwaleji kuwa sai ta faɗa hannun Farfesa Claytor, watau baƙar fata na uku da ya sami digirin dakta a lissafi a Amurka. Wannan malami bai tsaya ga yaba mata kurum ba. Da ya ga ta cinye darussan lissafin da ke kwalejin, sai ya ƙago wani sabon darasi musamman dominta, ya kuma gaya mata cewa za ta iya zama mai bincike a lissafi, aikin da ita a lokacin ba ta ma san ana yinsa ba. A ganina wannan shi ne babban abin da ya yi mata, ya fi darasin kansa.

Kada ku zaci daga nan sai komai ya tafi daidai. Ta gama kwaleji a 1937 tana da shekara 18, amma ƙofar bincike a rufe take ga mace baƙar fata, sai ta kama koyarwa. Sai a 1953 ta sami shiga hukumar binciken jiragen sama, wadda daga baya ta zama NASA, a ƙarƙashin wata uwar ɗaki, Dorothy Vaughan. Ita Katherine ce ta yi lissafin hanyar kumbon Alan Shepard a 1961. A 1962 kuma, kafin John Glenn ya tashi zagaya duniya, sai ya nemi ita ta sake duba lissafin da kwamfuta ta yi. Ta rasu a 2020 tana da shekara 101.

Mu a nan ba mu rasa irin waɗannan manya ba. Cikin tsofaffin ɗalibai akwai likitoci mata, akwai masu haɗa magunguna, akwai injiniyoyi. Ina roƙon shugaban makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai su riƙa gayyato mana ɗaya daga cikinsu kowane zango. Ba dogon jawabi muke so a babban zaure ba, mu tafa ta tafi. So muke ta zauna da 'yan mata biyar ko shida, ta gaya musu darussan da za su zaɓa, da irin makin da jami'a ke nema, da yadda ita ta shawo kan iyayenta, sa'an nan ta dawo zango mai zuwa ta tambaye su inda aka kwana.