Darasi: Buhu mai ninki uku da ajiyar wake ba tare da guba ba

A Bana da sauran garuruwan yankin Gaya, wake na cikin abincin da ya fi sauƙin samu wajen gina jikin yaro. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, wanda gero kaɗai ba ya bayar da isasshensa. Sai dai a gidaje da yawa waken ba ya kai wa damina, lokacin da rumbu ke yin ƙasa kuma tamowa ke ƙaruwa. Ko dai a sayar da shi da araha tun kaka don gudun ƙwari, ko kuwa a zuba masa magani. Wannan darasi zai bayyana wata hanya ta uku.

Yadda ƙwaro ke cin wake

Ƙwaron wake yakan biyo amfanin tun daga gona. Macen tana saka ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsa ta huda ta shiga ciki tana ci, bayan kamar mako 3 zuwa 4 ta fito da fiffike ta sake haihuwa. Cikin ƴan watanni buhu ya koma ramuka da gari. Maganin da ake zubawa kuwa yana da nasa hatsari. Ƙwayar Phostoxin tana fitar da iska mai kisa, bai kamata a ajiye ta a ɗakin da ake kwana ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da bai dace da cikin baƙo ba, bai dace da cikin ɗanmu ba.

Asalin buhun

A ƙarshen shekarun 1980, masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, sun tabbatar da cewa ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Da farko ledoji uku ake sakawa cikin juna. Daga baya aka gyara tsarin: ledoji biyu masu kauri a ciki, da saƙaƙƙen buhun roba a waje wanda ke jure ɗauka da saukewa. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da sunan PICS. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi ta gwada shi a ƙasarmu, kamfanin Lela Agro na Kano kuma yana cikin masu ƙera shi. Akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yana yi wa masara, dawa da gujiya amfani kamar yadda yake yi wa wake. Buhun da muke gani a kasuwa yau, gyara ne bisa gyara.

Idan an ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye ragowar iskar da numfashinsu. Daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu.

Yadda ake amfani da shi

1. A busar da wake sosai, a sheƙe shi. Yankin Gaya ya fi yawancin Nijar samun ruwan sama, don haka kada a yi gaggawa. Ƙwayar da ta bushe tana fashewa da ƙara in an cije ta. Hatsi mai danshi yana yin fumfuna cikin leda.
2. A duba kowace leda: a cika ta da iska, a riƙe bakin, a danna. In iska tana fita, ledar ta huje.
3. A saka leda ɗaya cikin ɗaya, a saka su cikin saƙaƙƙen buhun.
4. A zuba wake, a bar wurin ɗauri. A matse iska, a murɗa bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Kowanne da ɗaurinsa.
5. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, rana da ɓeraye.
6. Kada a riƙa buɗewa kullum. Waken girkin mako-mako a ware shi daban, a cikin jarka mai tsabta da marfi mai kamawa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga harkar abinci.

Bayan an gama da buhun

Buhun da aka kula da shi yana iya yin kaka uku. In ledar ta huje, ba ta ƙara tsare wake, amma tana rufe kaya daga ruwan sama, buhun waje kuma ya ci gaba da ɗaukar hatsi. Kada a ƙona leda kusa da yara, kada a yar da ita inda awaki za su ci. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana siraran ledoji saboda ɓarnar da suke yi wa gonaki da dabbobi. Mazubin da ake maimaitawa shekara da shekaru ya fi wanda ake yarwa bayan yini ɗaya.

Saƙo ga iyaye da masu wayar da kai

A lokacin kaka, kowane gida ya ware buhu ɗaya na yara kafin a kai saura kasuwar Gaya, Kamba ko Malanbil. Daga wata 6 da haihuwa, ana iya ƙara garin wake da aka soya aka niƙa a kunun yaro, a dafa shi sosai, tare da ci gaba da ba shi nono har shekara 2. Masu wayar da kai su yi gwajin a bainar jama'a: a ɗaure buhu a gaban mutane bayan girbi, a buɗe shi a gabansu bayan wata 5 ko 6, kowa ya sa hannu ya gani da idonsa.