Yadda Ake Raba Mahaifi Mai Cutar Mantuwa da Tuƙi

Dattijon da ya shekara arba'in yana tuƙi, hannunsa ba ya saurin mance sitiyari. Abin da cutar mantuwa ke fara ci shi ne gane hanya, auna tazara, da saurin yanke shawara idan ɗan Adaidaita Sahu ya yanko gabansa. Shi ya sa Baba zai tada mota lafiya lau, amma ya isa shataletale ya rasa inda zai nufa. Cutar kuma kan hana mai ita gane cewa wani abu ya sauya. Idan ya ce "lafiyata ƙalau", har zuciyarsa yake faɗa.

Fara da shiga motar. Zauna gefensa sau biyu ko uku, ka kama bakinka, ka lura. Yana rikita birki da totur? Yana wuce danja ko shiga hannun da ba nasa ba? Hanyar masallacin da ya saba ta taɓa ɓace masa? Duba jikin motar ko akwai sabuwar lotsewa da ya kasa faɗin inda ya samo ta. Tambayi mahaifiyarka da bakanikensa, su suka fi sanin abin da ake ɓoye maka. Rubuta kowane abu da ranarsa. Sannan ka tambayi kanka: zan yarda ya ɗauki jikokinsa zuwa makaranta? In amsar a'a ce, to 'ya'yan wasu da ke tsallaka titi ma haƙƙinsu ɗaya ne.

Sai likita, kuma kada a tsallake wannan. Ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba. Ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, magungunan barci, har ciwon sanyin fitsari na iya ruɗa tsoho, kuma duk suna da magani. A duba idonsa saboda yana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na cutar mantuwa, amma hawan jinin da aka yi sakaci da shi da shanyewar ɓarin jiki su ma suna jawo ta. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Miƙa wa likita takardarka kafin a shigar da Baba, don kada a tona shi a gabansa, ka roƙe shi ya rubuta hukuncinsa kan tuƙi.

A Birtaniya, doka ta wajabta wa wanda aka tabbatar yana da cutar ya sanar da hukumar lasisi ta DVLA, in ya ƙi a ci shi tarar da ta kai fam 1,000. A Nijeriya lasisin tuƙi na shekara 3 ne ko 5, cutar kuwa na iya yin nisa tun bai ƙare ba. Nauyin yana kan iyali.

In likita ya ga da sauran dama, a taƙaita: da rana kawai, cikin unguwa, ban da ruwan sama da hazo, a sake dubawa bayan wata shida.

In kuwa ya ce a daina, a zaɓi mai faɗa. A ganina babban kuskure shi ne tara masa 'ya'ya a falo kamar an kafa kotu. Uba ba ya son ɗansa ya yanke masa hukunci, amma yakan saurari amininsa, ko yayansa, ko limamin unguwa. A yi maganar da hantsi, domin masu cutar sun fi rikicewa da yamma. Kada a lissafo masa kurakuransa. In kai za ka faɗa, ka ce, "Baba, likita ya ce a huta da tuƙi. Ka daɗe kana kai mu, yanzu ka bari mu kai ka." Gobe zai iya mancewa ya nemi makulli. Maimaita masa da irin wannan murya, ka nuna takardar likita.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne a mayar masa da abin da motar ke ba shi. Da ita yake zuwa Juma'a, da ta'aziyya, da ɗaurin aure, da majalisar abokansa. In aka karɓe makulli aka bar shi a zaure, kaɗaici zai ƙara masa ciwon. Ku raba kwanaki tsakaninku, ko ku ɗauki direba, ko amintaccen ɗan Adaidaita da za a riƙa biya a wata. A zo kafin ya tambaya, shi kuma ya faɗi inda za a je.

Idan duk da haka ya ci gaba da fita, sai a ɗauke makulli har da na ajiya, a cire kan batir, ko a kai motar wani gida, don ganinta ke tuna masa. Haka ma babur. Motar dukiyarsa ce: kada a sayar sai da saninsa da shaidar 'yan'uwa, kuɗin kuma su shiga asusunsa. A saka masa kati mai ɗauke da sunansa da lambar wayarka a aljihu, domin wanda ya daina tuƙi yana iya fita da ƙafa ya ɓata.